Shan shayi a ƙasar Hausa

Shan shayi a ƙasar Hausa al'ada ce ta yau da kullum wadda ta game birni da ƙauye a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ta kuma bi Hausawa zuwa zangunansu na Gana da Kamaru da Chadi da Sudan. Shayi abin sha ne da ake samu idan an jiƙa ko an dafa busasshen ganyen wata bishiya, wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis, a cikin ruwan zafi. Bishiyar ba ta fitowa a ƙasar Hausa, domin tana son ruwan sama mai yawa da sanyin kan tudu, saboda haka kusan duk ganyen da ake sha daga waje yake zuwa. Duk da wannan baƙunta, shayi ya zama karin kumallon miliyoyin mutane, ya zama sana'ar da ke riƙe da gidaje masu yawa, ya kuma zama dalilin zaman hira na matasa da dattawa.

Al'adar ta kasu gida biyu manya. Akwai shayin tebur, wanda ake yi da baƙin ganye a haɗa da madara da sukari a sha da burodi. Akwai kuma shayin Buzaye, wanda ake dafa koren ganye a ƙaramar buta a kan garwashi a sha a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Hanyoyin da suka kawo su daban ne, kuma wannan bambancin ya bar alama har a cikin sunayen da ake kiran su da su.

Asalin kalmar

Mafi yawan harsunan duniya suna kiran shayi da ɗaya daga cikin sunaye biyu, kuma dukansu daga ƙasar Sin suka fito. Sinawa suna rubuta kalmar da alama guda, 茶, amma furucinta ya bambanta daga yanki zuwa yanki. A Mandarin da Kantonis ana cewa cha, wato "ca" a ƙa'idar rubutun Hausa. A harshen Min na gaɓar tekun Fujian, wajen tashar jiragen ruwa ta Amoy wadda yanzu ake kira Xiamen, ana cewa te. Furucin farko ya bi hanyar tudu tare da ayarin fatake: Farisawa suka ce chay, Turkawa çay, Rashawa da Indiyawa da Swahilawa chai, Larabawa kuma shay. Furuci na biyu ya bi teku tare da 'yan kasuwar Holan, waɗanda suka ce thee, daga nan Turanci ya sami tea, Faransanci thé, Jamusanci Tee. Mutanen Fotugal ne suka fita daban a yammacin Turai da chá, domin su a Makau suka yi cinikinsu. Masanin harshe Östen Dahl ya zana taswirar wannan rarrabuwa a kundin World Atlas of Language Structures na shekarar 2005.

Kalmar Hausa "shayi" daga Larabci aka aro ta, kuma sautin farkonta ne shaida. Daidaitaccen Larabci ba shi da sautin "c", shi ya sa Larabawa suka mayar da chay ta koma shay. Hausa kuwa tana da wannan sauti a kalmomi kamar ci da ciki da caca, don haka da kai tsaye kalmar ta zo daga Farisa ko Indiya da "cayi" za a riƙa cewa. Wasalin ƙarshe ƙari ne na Hausa, wadda ta fi son kalma ta ƙare da wasali, kamar yadda al-ƙalam ya koma alƙalami, al-waƙt ya koma lokaci. Kamancin da ke tsakanin "shayi" da aikatau "sha" dacewa ce kawai, babu dangantaka ta asali. Akwai kuma wata tsohuwar kalmar "shayi" mai ma'anar kaciya, wadda ita ma ba ta da alaƙa da abin sha. Mahallin magana ne ke raba su.

Bayan wannan, Hausa ta aro "ti" daga Turanci a zamanin mulkin mallaka, ana kuma jin "ataya" a wasu wurare, musamman a zangunan Gana da bakin waɗanda suka yi zama a yammacin Sahel. Ataya ta samo asali daga atay na Larabcin Magrib da harsunan Berber, wadda ake ganin daga reshen te ta fito ta tashoshin jiragen ruwan Maroko; Wolof na Senegal ma ataaya suke cewa. Ke nan furucin Sinanci biyu da suka rabu a gabashin Asiya sun sake haɗuwa a bakin Bahaushe ta hanyoyi uku.

Ma'anar kalmar ta faɗaɗa ƙwarai. A yau ana kiran ruwan zafi da Milo ko Bournvita da madara "shayi" ko da babu ganye ko ɗaya a ciki, ana kuma cewa shayin citta, shayin zogale, shayin na'a-na'a. Hausa ita ma ta ba da aro: a Legas da Ibadan da Fatakwal, masu magana da Turancin buroka suna kiran mai sayar da shayi a bakin titi "mai shai" ko "mishai", ko da shi ba Bahaushe ba ne.

Yadda ya iso

Asalin bishiyar shayi yankin da kudu maso yammacin Sin ya haɗu da arewacin Bama da Assam ta Indiya ne. Tatsuniyar Sinawa ta danganta gano shi ga sarki Shennong a shekara ta 2737 kafin miladiyya, amma ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun da aka taɓa da hannu ita ce ragowar ganyen da aka samu a kabarin sarki Jing na daular Han, wanda ya rasu a 141 kafin miladiyya. A zamanin daular Tang, wajen shekarar 760, Lu Yu ya rubuta littafin farko da aka keɓe wa shayi kaɗai. 'Yan Holan suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 17. Ingila ta kamu da sonsa har cinikinsa ya shiga cikin dalilan manyan rigingimu, kamar zubar da akwatunan shayi 342 a tashar Boston a Disambar 1773 da Yaƙin Opium na 1839 zuwa 1842. Don su rabu da dogaro da Sin, Ingilishi suka buɗe manyan gonaki a Assam da Darjeeling da Silon, wato Sri Lanka ta yau, daga baya kuma a gabashin Afirka, inda aka fara shuka shi a Limuru ta Kenya a 1903.

Zuwa ƙasar Hausa, hanya ta farko ta hamada ce. Koren shayin Sin ya shiga fadar sarakunan Maroko a ƙarni na 18 a matsayin kayan alfarma, bai zama na talaka ba sai a ƙarni na 19. Ana yawan danganta yaɗuwarsa da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da 'yan kasuwar Ingila suka rasa kasuwannin tekun Baltik suka karkata da kayansu zuwa Tanja da Mogador. Daga arewacin Afirka ayarin raƙuma ya tsallaka da shi Sahara tare da dunƙulen sukari, zuwa Muritaniya da Tumbutu da Agadas. Ta gabas kuma akwai hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gadamas da Gat da Abzin da Damagaram ta sauka Kano, inda Larabawan Gadamas suke da gidaje da shaguna. A wancan zamani shayi abin sarakuna da attajirai da manyan malamai ne. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a farkon 1824, ya ba da labarin wani ɗan sarki da ya ƙi taɓa kofin shayin da ya miƙa masa, saboda ya ji ana cewa Baturen yana iya rikiɗar da mutum ya koma dabba. Wannan ya nuna yadda abin yake baƙo a lokacin, har a gidan sarauta.

Hanya ta biyu ta teku ce. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, cinikin hamada ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta Legas. Kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC suka kawo baƙin ganye na Indiya da Silon, da madarar gwangwani, da sukarin ƙwaya. Barikin soja da makarantun kwana da asibitoci da unguwannin ma'aikatan jirgin ƙasa su ne wuraren da shayi da burodi ya fara zama abincin safe. Kafin nan Bahaushe da koko da ƙosai ko kunu ko ɗumamen tuwo yake karyawa, baƙo kuma da ruwa da fura da goro ake tarbarsa. Shayi bai kori ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya dai sami wuri a gefensu.

Mai shayi da teburinsa

Da wuya a sami tashar mota ko bakin kasuwa ko ƙofar babban asibiti a arewa inda babu teburin mai shayi. Tsarinsa kusan ɗaya ne daga Sakkwato har Maiduguri: dogon tebur da aka shimfiɗa wa leda, bencina a gefe biyu ko uku, gwangwanayen madara da Milo da Bournvita an jera su kamar hasumiya, burodi an gina shi a gefe guda, kiret ɗin ƙwai, robar bota, da babbar tukunyar ruwan zafi a kan gawayi ko gas. Yawanci mai shayi yana fitowa sau biyu: daga sallar asuba zuwa hantsi, sannan daga magariba zuwa tsakar dare. A manyan tashoshi akwai waɗanda wutarsu ba ta mutuwa.

Ciniki da kuɗi ake auna shi, ba da kofi ba. Mutum ya zauna ya ce a ba shi shayi na kaza, burodi na kaza, a soya ƙwai biyu, mai shayi kuma ya san cokali nawa na madara ya dace da wannan kuɗi. Wanda aka zuba wa madara da Milo har ya yi nauyi shi ne haɗin kauri. Wanda babu madara, sai ganye da sukari, shi ne ruwan bunu, abin shan mai ƙaramin ƙarfi ko mai mura, musamman idan an dafa ruwan da citta da kanumfari da masoro. Kafin a miƙa, mai shayi yakan sheƙa shi tsakanin manyan kofuna biyu, yana ɗaga hannu sama har tsirin ruwan ya kai kamu biyu, don ya haɗu ya kuma huce. Gwaninta a wannan sheƙawa tana cikin abubuwan da ake gane tsohon hannu da su. Tun daga shekarun 1990, da aka fara yin taliyar Indomie a Najeriya, dafa ta da ƙwai ya zama rabin sana'ar, har wasu teburan sun fi samun ciniki a taliya fiye da shayin da aka san su da shi.

Masu zama a tebur galibi waɗanda ba su da mai dafa musu ne a wannan lokaci: tuzurai da gwauraye, 'yan ci-rani, direbobi da yaran mota, leburori, masu adaidaita sahu, ɗalibai, da masu jinya a asibiti. Magidanci da aka cika gani a teburin unguwarsu yakan jawo wa gidansa magana, domin za a ce ba a dafa masa. Mata ba sa zama. Sai dai su aiki yaro da kofi ko jug ya sayo. Sana'ar kanta ta maza ce, kuma ana koyon ta ta hanyar zama yaron mai shayi, a fara da wanke kofuna da hura wuta da yanka albasa, har mutum ya tara jarin kafa nasa tebur. Ƙarancin jarin da take buƙata ya sa ta zama ɗaya daga cikin sana'o'in farko da ɗan arewa ke kamawa idan ya je kudu neman kuɗi. Mai shayi yakan zama ma'ajin unguwa: ana bar masa saƙo da makulli, ana cajin waya a wurinsa, yana kuma da littafin bashi na waɗanda sai ƙarshen wata suke biya. Wannan littafi shi ne ke riƙe masa abokan ciniki, shi ne kuma ke karya masu shayi da dama.

Teburin wurin labari ne. Rediyo ba ta rabuwa da shi, kuma tsararraki da yawa a nan suka saurari Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka. Bayan labarai sai sharhi, a kan siyasa da ƙwallo da farashin kaya. Daga nan ne aka sami salon maganar "labarin teburin mai shayi", wato zancen da ya bazu amma ba shi da tushe. Akwai rashin adalci kaɗan a cikin wannan suna, domin 'yan siyasa da 'yan jarida sun san cewa abin da ake faɗa a tebur shi ne sau da yawa ainihin ra'ayin unguwa.

Shayin Buzaye

Hausawa suna jingina wannan shayi ga Buzaye ko Abzinawa, mutanen da ke kiran kansu Kel Tamajak, domin a hannunsu aka fi ganin sa. A Agadas da Tawa da Damagaram tsohon abu ne. A biranen arewacin Najeriya ya ƙara yaɗuwa bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da makiyaya da yawa suka rasa dabbobinsu suka gangaro kudu suna aikin gadi, kowane da 'yar butarsa da murhunsa a bakin ƙofa.

Kayan aikin kaɗan ne: ƙaramar butar ƙarfe, ɗan murhu da aka saƙa da waya, gawayi, kofunan gilashi biyu ko uku da ba su wuce tsawon yatsa ba, faranti, sukari, da koren ganyen Sin, yawanci nau'in da ake kira chunmee ko wanda aka murza ya zama ƙwayoyi kamar albarushi. Wasu sukan fara ɗauraye ganyen da ruwan zafi don rage ƙura da ɗaci. Sai a dafa shi ya daɗe yana tafasa, a zuba sukari mai yawa, a yi ta juya shi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa kofi, daga sama, har kumfa ta taru a kowane gilashi. Kumfar ita ce ado. Shayin da aka miƙa babu ita ana ɗaukarsa aikin gaggawa ko na ɗan koyo.

Ganye ɗaya ake dafawa sau uku, ana ƙara ruwa da sukari. Na farko baƙi ne mai ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauta, a nan ne ake yawan sa na'a-na'a, na uku kuma zaƙi ne kusan zalla, shi ake ba yara da waɗanda ba su saba ba. A faɗin Sahara akwai maganar da ke kwatanta zagaye ukun da mutuwa da rayuwa da soyayya, kodayake jerin yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Larabawan Muritaniya suna cewa shayi yana da sharuɗɗa uku da duk suka fara da harafin jim: jama'a, da jamr wato garwashi, da jarr wato jan lokaci. Sharaɗi na ukun shi ne ya raba shi da shayin tebur. Mai shan shayin tebur yunwa ce ta kawo shi, minti goma ya tashi. Zagaye ukun Buzaye kuwa yakan ci awa biyu ko fiye, kuma abin da mutum zai sha duka bai cika kofin shayin tebur ɗaya ba. Ana fara miƙa wa babba ko baƙo, ana kurɓa da sauri a mayar da gilashi don na gaba ya samu, kuma tashi kafin na uku ba tare da uzuri ba rashin kyautawa ne ga mai dafawa.

Majalisa da fada

A arewacin Najeriya ana kiran wurin zaman hirar abokai majalisa. A Nijar ana kiransa fada, an aro sunan daga fadar sarki, kuma kowace tana da suna da shugaba da ƙa'idojinta, wani lokaci har a rubuta sunan a jikin bango. Fadojin matasa sun yawaita a Damagaram da Maraɗi da Yamai a shekarun 1990, zamanin da aka buɗe fagen siyasa bayan Taron Ƙasa na 1991, aka karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, gwamnati kuma ta rage ɗaukar ma'aikata. Masu takardar makaranta da marasa ita suka haɗu a bakin titi babu aiki, butar shayi ta zama abin da ake kewayewa. Ana karo-karo a sayi ganye da sukari da gawayi, kuma sau da yawa ƙaramin cikinsu ne ke dafawa. Irin wannan zama ana kiransa grin a Mali da Burkina Faso.

Dattawa da yawa suna kallon wannan a matsayin zaman kashe wando, wasu malamai kuma suna sukarsa saboda gulma da karta da sakaci da lokacin salla. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, wadda ta wallafa littafi a kan fadojin Nijar a 2019, ta kalle shi ta wata fuska: a ganinta tsarin dafa shayi yana ba matashin da ba shi da aiki hanyar tsara yininsa da samun wurin da ake girmama shi. Duka ɓangarorin suna da abin kamawa. Akwai majalisun da suka zama mafakar shaye-shaye da 'yan bangar siyasa. Akwai kuma waɗanda ke yin adashi, su yi gayyar yashe kwata, su yi sintirin unguwa da dare, su tara wa ɗan'uwansu gudummawar aure ko kuɗin magani. Labarin aikin yi da na hanyar tafiya ci-rani ma sau da yawa a nan ake fara jin sa.

A gida da wajen taro

A gidajen birni shayi da burodi shi ne karin kumallon 'yan makaranta, saboda saurinsa. Filas ɗin ruwan zafi da jerin kofuna suna cikin kayan ɗakin amarya. Mai jego ana haɗa mata shayi mai kauri tare da kunun kanwa, mai zuwa dubiya asibiti kuma abin da ya fi riƙowa shi ne kayan shayi, wato madara da Milo da sukari. A watan azumi ana shan sa da sahur da kuma bayan buɗa-baki, cinikin masu shayi yakan koma dare gaba ɗaya har zuwa bayan tarawihi da tahajjud. Lokacin hunturu ma kasuwarsa takan buɗe. A wajen ɗaurin aure da suna da zaman makoki da mauludi ana dafa shi a manyan tukwane da kayan ƙamshi. Alhazai da ɗaliban da suka yi karatu a Makka da Madina da Masar da Sudan sun ƙara kawo salon shan baƙin shayi da kirfa ko na'a-na'a a ƙananan kofuna bayan cin abinci, tare da gahawa da dabino.

A Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama a garuruwa irin su Mai Wurno, lamarin ya juya: sayar da shayi a titi sana'ar mata ce, ana kiransu sittat al-shay, kuma da yawansu waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu ne. Ɗaya daga cikinsu, Awadeya Mahmoud, wadda ta kafa ƙungiyar haɗin kan mata masu sayar da abinci da shayi a Khartum, ta sami lambar yabon jarumtar mata ta gwamnatin Amurka a 2016.

Lafiya

Ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke kore barci. Kofin baƙin shayi na yau da kullum yana da kimanin miligiram 40 zuwa 50, wato wajen rabin abin da ke cikin kofin gahawa, amma dafuwar farko ta shayin Buzaye ta fi haka kauri saboda yawan ganye da daɗewa a wuta. Shan sa da yawa yana kawo rashin barci da bugun zuciya, a cikin da babu abinci kuma yana iya tayar da zuciya. Hukumomin lafiya da dama suna ba mai juna biyu shawarar kada ta wuce miligiram 200 na kafin a rana. Sinadaran da ke ba shayi ɗacinsa suna rage yadda jiki ke tsotsar ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, don haka an fi son a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa guda, musamman ga mata da yara masu ƙarancin jini.

Babbar matsalar ba a ganyen take ba, a sukari take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga babban mutum. Haɗin kauri ɗaya da safe da zagaye uku da yamma suna iya cinye wannan adadi. A 2016 kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi, don haka sheƙawar mai shayi tana da amfanin da ya wuce burgewa. Wani abu daban shi ne gadagi, dafaffen ganyen wata ciyawa da leburori da direbobi ke sha a Kano da kewaye don ƙarin kuzari. Ana sayar da shi kamar shayi amma ba shayi ba ne, kuma ma'aikatan lafiya suna gargaɗi a kansa saboda abubuwan da wasu ke gauraya masa.

Noma da kasuwa

Duniya tana samar da fiye da tan miliyan 6 na ganyen shayi a shekara. Sin ce kan gaba da kusan rabi, sai Indiya, sai Kenya, wadda ta fi kowa fitar da baƙin ganye zuwa waje ta kasuwar gwanjon Mombasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Mayu a matsayin Ranar Shayi ta Duniya, an fara bikinta a 2020.

A Najeriya ana noman shayi a tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, yana da sanyi da ruwan sama isasshe. An kafa gonar Kakara a shekarun 1970, daga can ne Highland Tea ke fitowa, kuma ƙananan manoma na kewaye suna sayar wa masana'antar ɗanyen ganye. Kamaru ma tana da gonaki a Tole da Ndu da Djuttitsa. Abin da Mambila ke fitarwa bai kusa isar ƙasar ba, kuma rashin kyan hanyar hawa tsaunin yana ƙara tsadar kai shi kasuwa. Mafi yawan abin da ke cikin ƙunshin Lipton da Top Tea shigo da shi ake yi a ƙulla a Najeriya, koren ganyen Buzaye kuwa duka daga Sin yake zuwa.

Ba ganyen kaɗai ba: garin madara da alkamar burodi da mafi yawan ɗanyen sukari duk da kuɗin waje ake sayo su. Wannan ya sa teburin mai shayi yake saurin jin motsin canji. Bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, farashin madara da ƙwai da burodi da gas ya tashi a lokaci guda. Masu shayi da dama suka koma madarar leda maimakon ta gwangwani, suka koma gawayi, suka rage girman yankan burodi, abokan ciniki kuma da suka saba da haɗin kauri suka koma ruwan bunu.